Wa Kuke Yi Wa Kirari? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mawaƙa Da Marubutan Hausa Na Arewacin Kamaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena da ƙannena masu baiwar murya da alƙalami, tun daga Ngaundare har Kusiri, ina gaishe ku gaisuwar mai sauraro. Manyan makaɗa da maroƙa, Allah ya ja kwana. Malamai marubuta, Allah ya gafarta. Masu magana da mu a rediyo safe da yamma, sannunku da aiki.

Ni malamin makaranta ne a Marwa. Da safe ina koyar da yaran firamare da Faransanci, bayan la'asar kuma in zauna da 'yan Islamiyyar unguwarmu, inda Hausa da Fillanci ke gudana ba shamaki. Waƙa ba sana'ata ba ce, amma duk abin da kuka rera yau, gobe a bakin yaran nan zan tarar da shi. Shi ya sa na ga ya zama wajibi in gaya muku abin da na gani.

Wata Laraba muka zo kan hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne gwanin kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Kafin in shiga bayani sai na ce, "To ku gaya mini, wane ne jarumi a wurinku?" Hannuwa suka tashi. Mazan galibi suka ce Vincent Aboubakar, ɗan Garwan nan da ya taso a Coton Sport, wanda ya ci ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka a 2017, ya kuma zura wa Barazil a 2022. Ban ga laifinsu ba, ni ma na yi ihu a dararen nan biyu. 'Yan mata suka jero mini sunayen 'yan fim na Kano. Wani ya ce sojan BIR, rundunar nan ta musamman ta sojojin Kamaru. Sai wani ɗan shekara 11, yaron kirki kuwa, ɗan gidan mutunci, ya miƙe ya ce, "Malam, jarumi shi ne wanda in ya shigo gari kowa ya watse." Aji ya ɗauki shewa. Ni kuwa gabana ya faɗi, don mu a ƙasar nan mun san su waye suke shiga gari a watse.

Can baya, jikin bango, akwai yaron da bai ɗaga hannu ba. Da aka tashi na kira shi gefe. Na ce, "Ɗana, kai ba ka da jarumi?" Ya ce bai sani ba. Na ce, "Babanka fa?" Ya ɗago ya dube ni da mamaki, ya ce, "Malam, ai Baba mai faci ne."

Na san mahaifin yaron nan. Mai facin taya ne a wani ƙauye tsakanin Mora da bakin iyaka, inda yayata ke aure. Rumfarsa ta kara ce, da famfo guda, da kwanon ruwan da yake tsoma tiyub don ya ga inda iska ke fita. Sau biyu yana yi mini faci bai karɓi ko dala ba, wai ni baƙon gari ne. Siriri ne mai sanyin murya, irin mutanen da in gardama ta yi zafi a majalisa sukan sa takalmi su ba da wuri. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, bayan harin Kolofata na Yulin 2014 da kisan Fotokol na Fabrairun 2015, aka shiga kafa kwamitocin 'yan sintiri gari gari. Lawan, wato mai gari, ya tara mazan ƙauyen, shi ma ya ba da sunansa. Abin da aka damƙa masa usur ne da tocila. Bakan da yake ratayawa ma na aro ne wurin wani maharbi.

Matarsa ta gaya mini, duk daren da gadi ya faɗo kansa ba ya iya cin tuwo. Zai sa hannu, ya yi loma biyu, ya cire. Kafin ya fita sai ya nemi yafiyarta, ya sake tuna mata ana bin sa jaka biyu da rabi na sholisho da roba a Mora, in wani abu ya faru kada ta manta. Tun tana cewa, "Haba Malam, ka daina yi mana baki," har ta saba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, bai kuma taɓa ɓoye mata ba. Amma bai yi fashin dare ko ɗaya ba.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. An tsayar da su a mashigar kasuwa suna duba masu shiga. Wata yarinya ta taho, baƙuwar fuska, tafiyarta da nauyi, hannuwanta cikin mayafi. Ya ce ta dakata daga nesa. Ba ta dakata ba. Waɗanda ke wurin sun ce ya busa usur, ya ƙwala ihu da Fillanci da Hausa a watse, mutane suka kwasa da gudu, shi kuma ya nufe ta. Ya sha gabanta ya riƙe ta, tsakaninsu da layin masu ƙosai da mata masu nono bai fi taku 30 ba. Su biyun suka mutu. Sauran jama'a kowa ya koma gida da ƙafarsa, sai 'yan raunuka.

An yi masa sutura da abin da aka iya tattarawa. Manya sun zo ta'aziyya, an yi alkawura, matar ta yi ta kai da komo a wani ofishi har ta gaji, ta haƙura, ta dawo Marwa wurin danginta. Bashin sholisho kuwa ta aika an biya tun kafin ta fita takaba. Ɗan da aka bari yana shekara 3 yau ya tasa. Ya haddace kirarin 'yan dambe, ya san baitukan da aka yi wa attajirai da 'yan siyasa, amma a saninsa ubansa mai faci ne, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa rera masa wani abu daban. Abin da ya hana ni barci ke nan har na ɗauki alƙalami.

Ku dubi yadda kalmar kanta ta koma. A bakin kakanninmu jarumi ɗan'uwan barde ne da sadauki da gwarzo, mutumin da ake nema ranar da gari ya shiga uku. Yau in ka rubuta "jarumi" ko "jaruma" a Facebook, kowa zai ɗauka ɗan fim kake nufi. Ba raini nake yi wa fim ba, sana'a ce, akwai masu yin ta da mutunci. Amma in kalma guda ta ɗauki wanda ya rungumi bam da wanda ya fito a gaban kyamara, da me ɗan shekara 11 zai bambance? Ku ne makiyayan kalmomin nan. In sun rame, daga hannunku ne, in sun yi ƙiba ma daga hannunku ne.

Na san wani zai ce ai adabinmu tun asali haka yake, mai takobi ake yabo. Da gaskiyarsa, sai dai bai faɗe ta duka ba. Mu koma Daura. Kowane ɗan Hausa ya san Bayajida ya sare kan macijin rijiyar Kusugu. To macizai nawa aka kashe a ƙasar Hausa ba wanda ya tuna? Abin da ya raya wannan labari shi ne macijin ya hana gari ruwa, sai ranar Juma'a kaɗai ake ɗiba. Da gari ya waye, mata suka zura guga ranar da ba Juma'a ba. Saboda rijiyar da ta buɗe ake tuna takobin. Mu da muke ganin mata suna tonon rairayin kogi da rani don neman na sha, mun fi kowa sanin nauyin wannan. A cikin labarin kuma akwai tsohuwa Ayana, wadda ta buɗe wa baƙo ƙofa da dare ba ta san ko wane ne ba, ta sauke shi, ta gaya masa gaskiyar halin da gari ke ciki. Har yau ban ji makaɗin da ya yi mata baiti ba.

Ina yaro wani kawuna ya kawo mana littattafan Hausa daga Yola, irin waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933. Gandoki na Bello Kagara shi ya tafi da ni. Mutum ya kara da Turawa, ya faɗa ƙasar aljannu, yana sara yana wasa kansa, jinina har tafasa yake. A cikin ƙunshin akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na karanta shi ban ji komai ba, don ba a cika faɗa ba. Sai da furfura ta fara fito mini na sake buɗe shi, na gane wadda ta fi kowa jarunta a littafin ita ce mahaifiyar Umar. Mace ita kaɗai, ba doki ba mashi, ta bar gida neman ɗanta da aka sace, ta ratsa sahara, aka ci amanarta aka bautar da ita, ba ta juya ba har ta gan shi da idonta, sannan ta cika. Da na je Minawawo, sansanin 'yan gudun hijirar da aka buɗe kusa da Mokolo a 2013, na ga matan da suka tako da ƙafa daga Gwoza da Banki, ɗa a baya ɗa a hannu, wasu har yau suna cigiyar na ukun, ita na tuna. Marubucin ya riga ya nuna mana wannan mace tun kafin a haifi iyayenmu. Mu ne muka riƙe Gandoki muka bar ta.

Ban ce ku ajiye kalangun dambe ba. Ina son dambe, kuma abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago har gobe yana tayar da tsikar jiki. Amma ku tuna dambe ma yana da iyaka. Da hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, an gama, ba a bin wanda ya faɗi da naushi, wanda ya bi kuwa filin ne zai tsine masa. A sharon Fulani, wanda ake yi wa guɗa shi ne wanda ya sha bulala bai motsa ba. Fulanin da muke zaune tare da su sun ɗaure ngorgu da munyal da semteende, wato mazantaka da haƙuri da kunya, a igiya guda ta pulaaku. Mu ma da muka ce "mutumin kirki" gaskiya muke nufi da amana da kara da sanin ya kamata. Magabata sun san doki ba linzami mahayinsa yake fara kayarwa. Mu ne muka tsinke igiyar, muka riƙe ƙarfin shi kaɗai muna yi masa kiɗa.

Tarihin ƙasar nan ya isa ya koya mana. Ranar 22 ga Afrilun 1900 Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, ya kara da Faransawa a Kusiri. Aka kashe shi, aka sare kansa aka nuna, kwamandan Faransawa Lami shi ma ya mutu a yaƙin. Aka sa wa birnin da ke tsallaken kogi sunan Lami, sai a 1973 ya koma Njamena. Rabe ba matsoraci ba ne, ba mai musun wannan, har yau akwai masu kiransa gwarzon da ya tsaya wa Nasara. Amma a tambayi Bagarmi. A tambayi Kukawa da ya rushe a 1893. A tambayi zuriyar waɗanda aka ɗaure a jere aka kai kasuwa. Rundunar da Lami ya jagoranta ranar nan kuwa, a cikinta akwai ragowar ayarin da ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Mutum biyu suka fita da suna daga filin Kusiri, kowannensu da toka a bayansa. Waɗanda suka ɓoye yara a rumbu, suka dawo suka sake kafa garuruwan, suka sake shuka muskuwari, dawar rani, a karal, wato ƙasar laka, ba sunan ko ɗaya da ya iso gare mu.

Ban ce waƙa ce ta kai yaranmu daji ba, Allah ya kiyaye in ɗora muku wannan. Talauci ya kai wasu, rashin makaranta da aikin yi ya kai wasu, da yawa kuma sace su aka yi ko aka tilasta musu. Amma masu farautar yaran nan da suka zo ba su sha wahalar zana sabon hoto ba. A rataye suka tarar da shi a zuciyar yaro: namiji shi ne mai babur da bindiga, wanda ake tsoro, wanda mutuwa ba ta dame shi ba. Suka ce ga babur, ga bindiga, ga mata, ga suna. Mu mutanen Marwa mun ga inda hoton ya ƙare ranar 22 ga Yulin 2015, a babbar kasuwa da unguwar Barmare, bayan kwana 3 kuma a Pont Vert. Yara mata aka ɗaura wa bam. Wanda ya ɗaura musu ya koma ya zauna a daji, shi ma a bakin mabiyansa jarumi ne, har waƙe shi suke yi.

A nan nake roƙonku ku tsaya kafin ku ɗaga murya ku yabi kowa, ku tambayi kanku: da jikin wa aka biya? Mai faci da nasa ya biya. Wancan kuwa da jikin 'yar wani. Haka ɗan siyasar da ya tara samari ya ba su ƙwaya da sanduna, 'ya'yansa suna karatu a Yawunde ko Faransa, da jikin 'ya'yan wasu yake jarunta. Sannan ku tambaya: wa ya kwana lafiya saboda abin da mutumin nan ya yi? In amsar ita ce shi kaɗai da aljihunsa, ku kira shi mai sa'a, ku kira shi mai kuɗi, ku kira shi gwani in gwanin ne, amma ku bar mana waccan kalmar.

Maganar rashin tsoro kuma, don Allah ku sassauta ta. Mahaukaci ba ya tsoro. Wanda ya haɗiyi tiramol ba ya tsoro, ku tambayi masu kilando, wato 'yan acaba, su ba ku labarin abokansu da suka shige ƙarƙashin manyan motoci. Duk sanda kuka ce namiji ba ya tsoro, akwai yaro mai hankali da ke jin gabansa na faɗuwa, sai ya ɗauka shi ne bai cika namiji ba, ya tafi neman ƙwayar da za ta cire masa. Ku rera masa mutumin da ya kasa cin tuwo don fargaba, amma ya ɗauki tocilarsa ya fita. Wannan yaro zai iya koyi da shi, don irin zuciyarsa gare shi.

Wata jaruntar ma ƙin aikatawa ce. A Fabrairun 2016 aka tura 'yan mata 3 sansanin 'yan gudun hijira na Dikwa a Borno. Biyu suka tayar da abin da ke jikinsu, mutum fiye da 50 suka rasu. Ta ukun ta ƙi, ta miƙa kanta, aka ruwaito cewa ta gane iyayenta da 'yan'uwanta suna cikin sansanin. Ku auna abin da yarinyar nan ta tsallake: tsoron waɗanda suka aiko ta, da tsoron waɗanda za ta faɗa hannunsu. Ita ma yarinyar da mai faci ya riƙe, 'yar wasu ce, goya ta aka yi, ban taɓa iya tsine mata ba. Da ta taɓa jin waƙar wadda ta ƙi, wa ya sani.

Kada kuma a ce na ce duk wanda ya rataya usur gwarzo ne. A cikin 'yan sintirin nan an samu waɗanda suka mai da shinge wurin karɓar na goro. An samu waɗanda suka nuna maƙwabci da yatsa saboda rikicin gona ko na aure, aka tafi da shi bai dawo ba. Kwamiti ɗaya, usur iri ɗaya. Amana ce ta raba su da mai faci. Mutumin da jaka biyu da rabi ta mutane ta dame shi a daren da yake tsammanin mutuwa, shi ne ran masu ƙosai zai dame shi da hantsi. Saboda haka in za ku yabi mutum ku fara bincike, ku tambayi maƙwabta, ku tambayi mata, su suka fi sanin kowa. Kirarin da aka yi wa azzalumi, zagi ne a kunnen wanda ya zalunta.

Ku tsallaka gadar Ngeli zuwa Cadi ku ga wata irin jaruntar, wadda ba ta minti ɗaya ba ce. A zamanin mulkin Hissene Habre, 1982 zuwa 1990, an tsare wata soja mai suna Rose Lokissim a kurkukun 'yan sandan asiri na DDS. Tana ciki tana rubuta sunayen waɗanda aka azabtar da waɗanda suka mutu a guntayen takardu, tana fitar da su a ɓoye don danginsu su sani. Aka gano, aka kashe ta a 1986. Souleymane Guengueng, ma'aikacin lissafi ne, ya yi wa Allah alkawari a kurkuku cewa in ya fita da rai zai nema wa matattun hakkinsu. Da ya fito a 1990 ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya tattara bayanan ɗaruruwa ya ɓoye. Lauyar waɗanda aka zalunta, Jacqueline Moudeina, an jefa mata gurneti a 2001, ta yi jinya ta dawo bakin aiki. Sai ranar 30 ga Mayun 2016 kotu a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai. Shekara 26 ana dafa dutse. Makamin mutanen nan alƙalami ne da takarda da baki, wato kayan aikinku.

Na ambaci haƙuri, to bari in gyara kafin a juya mini magana. Ba haƙurin da ake cusa wa yarinya don ta haɗiye zalunci ta yi shiru nake nufi ba. 'Yar garinmu Djaïli Amadou Amal ta riga ta tone wannan a rubutunta, ta nuna yadda ake mai da kalmar munyal mari a ƙafar mata, har ta ci lambar Goncourt ta ɗalibai a Faransa a 2020. Haƙurin da nake nufi shi ne na wanda ya san inda ya dosa ya ƙi sauka daga hanya.

Irin mutanen nan ba su ƙare ba, kuma ba sai an je nesa ba. Kun ji labarin Liman Abubakar Abdullahi na Filato, dattijon da ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Mu ma muna da namu. Da rikicin Larabawan Shuwa da Musgum ya tashi a Logon Birni a 2021, ya kai har Kusiri, dubban mutane suka tsallaka Cadi, wani abokina ɗan kasuwa ya gaya mini abin da ya gani a layinsu. Wata tsohuwa ta kwashe 'ya'yan maƙwabtanta na ɗaya ƙabilar ta zuba a ɗakinta, ta ja tabarma ta zauna a bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Samarin ƙabilarta suka zo, ta ce ba kowa ciki sai jikokinta, in kuma suna son shiga sai sun tsallake ta. Suka tsaya, suka dubi juna, suka wuce. Ga Ayana nan da ranta. Ga masu kwalekwalen da suka yi ta kwashe mutane a ambaliyar Yagwa da Maga ta 2024, ga ma'aikatan jinyar da suka kwana a kan masu amai da gudawa a kwalarar 2010, ga ungozomomin ƙauyukan da asibitinsu ya rufe. Ba ku rasa wanda za ku yaba ba.

Na san inda gizo ke saƙar. Maroƙi da bakinsa yake ci, kuma matar mai faci ba ta da abin liƙi. Alhaji ke da shi. Ban ce ku bar Alhaji ba, kuna da iyali, kuma akwai alhazan da suka cancanci yabo, sun gina rijiya sun biya wa marayu makaranta. Abin da nake roƙo shi ne ku fitar da zakkar murya. A kowane biki, a kowane wasa, baiti ɗaya ga wanda ba zai iya biya ba. Ba kuma sabon abu na kawo ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa manya marsiyya, ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima, macen da ba sarauta ba runduna, ta yabe ta da kyawun hali da kula da mutane. In 'yar Shehu ta ga ya dace, ba wanda zai ce ya fi ƙarfin wannan aiki.

Masu rediyo a Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusiri, minti 15 a mako ya isa a fara. Ku aika yaranku da waya su ɗauko muryoyin zawarawan nan da tsofaffin da suka ga abin da idonsu, tun ba su bi mazajen ba. Marubuta, musamman ƙannena mata da ke rubuta littafi a waya ana karantawa har Kano da Yamai, ina ganin ƙoƙarinku, amma kusan duk labarin a wani katafaren gida yake, tauraron kuma ɗan mai kuɗi ne mai tsawa da jan ido, yarinya na tsoronsa tana sonsa. Ku gwada sau ɗaya ku sa mai faci a tsakiyar labari, da tsoronsa da bashinsa da matarsa mai yi masa faɗa. Na rantse muku za a karanta, za a kuma yi kuka.

Sai dai a yi da hankali. A ƙauyukan bakin iyaka har yanzu ana bin dare ana ɗaukar fansa. Wanda yake raye kuma yana can, a sauya masa suna da gari. Wanda ya rasu, a nemi izinin iyalinsa tukuna, kada a mai da hawayensu haja. In waƙar ta kawo wani abu, a tuna da marayun.

Ranar nan ban ƙarasa bayanin hadisin ba, lokaci ya ƙure. Laraba mai zuwa zan koma kansa. Na je na sami mahaifiyar yaron, ta amince in ba ajin labarin mijinta, ta ce ita ma za ta zo ta zauna daga baya ta ji. Ni da baki kawai zan faɗa, yadda na faɗa muku, ba amshi ba karin murya, don iyakar abin da Allah ya ba ni ke nan. In akwai wani a cikinku da zai zo mana da baiti ko biyu, muna farawa ne bayan la'asar, mu tashi dab da magariba.

Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta, Marwa.